Filas ɗin da ba na shayi ba

Ranar da na ce wa Hajiyarmu a waya yau na wuni ina fama da filas goma sha biyu a lab, shiru ta yi sannan ta ce "kai kuma shayi ka koma sayarwa a makarantar?" Wlh sai da na zauna don dariya. To ai ba laifinta bane, a gidanmu filas ɗaya aka sani, wanda ake zuba ruwan zafi da asuba. Namu na lab wata 'yar kwalbar roba ce garau, a kwance take zama ba a tsaye ba, wuyanta a ɗan karkace, a ciki muke kiwon ƙwayoyin halitta, sel kenan, irin waɗanda aka ciro daga jikin mutum ko dabba ana rainonsu a waje.

Ni da farko raina ta na yi. Na ce wannan da robar ruwa meye bambancinsu da har ake sayo ta da dala daga waje kuma a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Ashe babu abin da aka saka mata a banza. Sunayensu ma T25, T75, T175, lambar nan faɗin ƙasan filas ɗin ne a murabba'in santimita, saboda yawancin sel ba yawo suke a ruwa ba, liƙewa suke a ƙasa su shimfiɗu, kaga kenan filin kwanciya ake sayar maka ba zurfi ba. T75 ruwan abinci kamar mililita 12 zuwa 15 kawai ake zuba mata, ɗan shafe-shafe, in ka cika ta iska ba za ta kai musu yadda ya kamata ba. Robar kuma sai an yi wa fuskarta wani aiki a kamfani kafin sel su yarda su kama ta, in ka kuskura ka ɗauko wadda ba a yi wa ba haka za ka gansu suna shawagi sun dunƙule.

Murfin shi ne ya koya min hankali. Yana da wata 'yar matata a tsakiya mai ƙofofi maikiron 0.2, iska na shiga tana fita amma bakteriya ba ta wucewa, don inkubeta ɗin, akwatin ɗumin da muke ajiye su, a digiri 37 take kamar jikin mutum da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, iskar nan ce ke riƙe ruwan kar ya ɓaci. Wata Juma'a ina sauri in sami masallaci na ɗauki filas ɗina na karkatar da ita ruwan ya taɓa murfi, na gani sarai amma na ce ba komai, na goge bayan da sifirit na mayar. Ran Litinin na zo na tarar ruwan da na bari ja kamar zoɓon da aka tsinka ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kauri-kauri kamar an ɗiga kunu. Antin da ke kula da lab ɗin ko madubin ƙara girma ba ta duba ba, ta ɗaga shi a haske ta ce "ƙanena ka ciyar da baƙi, zuba masa bilic." Aikin sati uku kenan ya tafi. Launin nan ba ado bane, akwai sinadarin da ke sa ruwan ya canza in ya yi tsami, so da ido ma za ka gane ko dai sel sun cinye abincinsu ko wani ya shigo. Mugun shi ne maikofilasma, wata 'yar mitsitsiyar bakteriya, shi ruwan garau zai bar maka kana ta murna alhali ya gama da kai.

Wuyan nan mai karkata ma tsohon tunani ne. Wani likita ɗan Faransa, Alexis Carrel, ya fito da filas ɗinsa na gilashi a 1923 da wuya a gefe don kar ƙura ta faɗa ciki in an buɗe. Lokacin gilashi ake wankewa a dafa a sake amfani, kuma ɗan sabulun da ya maƙale ya isa ya kashe komai, shi yasa duk tsadar robar nan na daina ƙorafi, ko dai na rage. Sel ɗin da na fara koyo da su kuwa HeLa ne, na wata baiwar Allah Henrietta Lacks da aka ɗiba daga kansar bakin mahaifarta a Baltimore a 1951 ba tare da an tambaye ta ba, ta rasu a shekarar amma sel ɗin har yau suna rabuwa a filas a duniya. Wani lokacin in na leƙa su sai jikina ya yi sanyi.

Da na koma gida hutu baffana mai shanu ya tsare ni wai wannan karatun me zai amfana wa mutane. Na ce masa Baffa kun tuna bushiya, cutar shanun nan? Ya ce wa zai manta. Na ce to allurar da ta kawo ƙarshenta, wadda Walter Plowright ya haɗa, a sel ɗin ƙodar maraƙi aka raini ƙwayar cutar cikin kwalabe, har aka sanar an kawar da ita daga duniya a 2011. Ita ma rigakafin cutar PPR ta awaki da tumaki da ake yi a Vom ta jihar Filato a kan sel ake noma ta. Ya jima yana kallona sannan ya ce ashe dai kiwo kake, naka ne dai ba a kai su rafi.

Kuma kusan hakan ne, ba su san Lahadi ba ba su san Sallah ba, in an ɗauke wuta cikin dare hankalina na kan ko janareto ya tashi. Yanzu haka akwai T75 guda biyu da suka kusa cika, gobe da sassafe zan zuba musu tirifsin, sinadarin da ke ɓamɓare sel, su saki ƙasa in raba kowacce gida uku.