Minti uku kacal nake gudu a kai

Ƙannena masu shigowa Legas da niyyar kama tuƙi, dan Allah ku ɗan tsaya ku ji abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ciwon direban Legas gosulo ne. Ka yi awa biyu kana rarrafe daga Mile 12 zuwa Ojota, danfo (ƙaramar bas ɗin haya ta Legas) ya cuso ta dama, tirela na hura maka hayaƙi, zuciya ta cika fam, to da hanya ta buɗe sai ka danna totur kamar za ka rama lokacin da aka ci maka. Haka na yi ranar. Na ɗauko kayan gwari zan kai Obalende, ɗan yayata yana gaba kusa da ni, an ɗan yi yayyafi titi na sheƙi, muna hawa gadar Third Mainland na ga fili, sai na kai maleji 120. Waya ta yi ƙara, na sunkuya na duba, ko sakan biyu ban yi ba. Ina ɗago kai sai ga wata bas ta lalace a tsakiyar hanya, an zuba ganye a bayanta. Na taka birki, tayoyina kuwa duk sun suɗe, na dade ina cewa sai wata mai zuwa zan canza, motar ta zame kawai kamar a kan sabulu.

Yaron bai ɗaura bel ba, ni ma ban ce ya ɗaura ba. Ya daki gilas da fuska, haƙora biyu suka fita, allon kafaɗa ya karye. Wallahi kuɗin gyaran mota bai dame ni ba ko kaɗan, kiran da na yi wa Yaya a waya ina gaya mata, shi ne abin da ba na son ya faɗa wa kowa a cikinku.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Gadar nan ba ta cika kilomita 12 ba. A kan 80 kusan minti 9 ne ka ƙetare, a kan 120 kusan minti 6. Minti uku! Kuma a 120 kowane sakan mota na cin mita 33, kun ga dubawar wayar nan tawa na yi tafiyar sama da mita 60 ido a rufe. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da kai sau huɗu yake ninkawa, balle an yi ruwa.

Dokar hanya ta Najeriya ta ce ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a ekspres, bas da tasi kuma ba su wuce 90. Da can ina ganin don 'yan Road Safety da LASTMA (hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas) su samu na tara aka sa ta, ashe ni ne ban gane ba.

Ku bar tazara tsakaninku da na gaba ko da danfo zai shige wurin, ku ƙyale shi. Wan-we kuma, wato bin hannun da ba naku ba, kada ku fara, Legas ba ta wasa da shi, mota ake ƙwacewa. Ni yanzu wayata cikin aljihun mota take kwana, kuma ba na sa giya sai na ji ƙarar bel ɗin wanda ke gefena ya shiga.