Takwarar Inna a kan ƙanƙara

Talata, dare.

Tun bayan isha'i na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Cajin waya saura kashi 23, bari in rubuta kafin ta mutu.

Sanyin asubar yau ba dama. Ruwan randa kamar zai tsinke yatsu, sai da na ɗora tukunya kafin yara su yarda su yi alwala. Haidar ya tafi makaranta cikin rigar sanyin babansa, ta sauko masa har gwiwa. Koko da ƙosai. Malam ya wuce fadama tun duku-duku, yau ake ba alkama ruwa, injin kuma sai an lallaɓa shi yake tashi.

Wajen sha ɗaya Yaya Sani ya turo bidiyo a zauren gidanmu na WhatsApp. Sabis ya ƙi, sai da na kife turmi a gindin darbejiya na hau sannan ya buɗe. Ko'ina fari fat. Ga 'yarsa Ummi cikin wata jar riga mai kumburi, da hular kwano, tabarau ya cinye rabin fuskarta, an ɗaura mata wasu dogayen katakai sirara a ƙafa, tana zamewa a hankali kan dusar ƙanƙara, wata mata na tafiya da baya-baya a gabanta tana miƙa mata hannu. Ta zo ƙarshe ta faɗi zaune daɓas, ta tuntsire da dariya, dariyar ta juye tari, ta gama tarin ta ce a sake. Daƙiƙa 40 ne duka. Na kalla ya fi sau goma ina tsaye kan turmi kamar wata taɓaɓɓiya.

Suna Faransa, wani gari Shamoni, a gindin dutsen Mon Bulan da ya haura mita 4,800, wanda ya fi kowane tsawo a tsaunukan Alps. Hutun mako guda aka ba 'yan makaranta a Ingila, suka hau jirgi daga Mancesta zuwa Janeba, daga nan mota. Abin da ya ba ni dariya, yau agogonmu ɗaya da su. Da suna gida sai na riƙa cire awa guda.

Sulu ne fa. Mu ma mun yi a dutsen bayan gari da fasasshiyar jarka, wando ya yage, a dawo gida a sha duka. Nasu dai biya ake yi.

Da murnata na zari mayafi na nufi gidan Inna in nuna mata takwararta. Da na sani da na tsaya na gama wankina.

Na same ta a rana tsakar gida, lulluɓe da zane biyu, tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido yadda ta saba. Sau ɗaya ta kalla.

"Wannan farin mene ne?"

"Ƙanƙara ce, Inna."

"Ƙanƙara. Yarinya mai ciwon ƙirji." Ta miƙo min. "Kira min shi."

Na ce bari sai dare, yanzu suna waje. Ta ce ai ita ma a waje take.

Ya ɗauka, hancinsa ja, hayaƙi na fita daga bakinsa. Bayan gaisuwa Inna ba ta yi wata kwana-kwana ba, ta ce wane alhaki yarinyar nan ta ɗauka da za a kai ta inda ko lafiyayye sai ya yi mura. Shi kuma kun san Yaya, in aka taɓo ciwon Ummi sai ya koma malamin aji. Ya ce sanyi ba shi ke kawo ciwon nata, sistik faiburosis, ba, majina ce ke yin kauri ta manne a huhu, kuma guje-guje da tsalle-tsalle na cikin abin da ke taimaka mata ta fito. Ya ce sai da likitocinta suka duba ta, suka auna numfashinta, suka ba su takardar shiga jirgi da magunguna. Masaukinsu a ƙasan kwari yake, mita 1,000 da 'yan kai, ba za su hau da ita motar igiyar nan mai kai mutane mita 3,800 ba, domin can iska ta yi ƙaranci.

Sai ya shiga lissafa kaya. Jaka guda cur ta magani ce kawai, a hannu suka riƙe ta, kuma ninki biyu na abin da za ta sha, ko jirgi zai makara. Na'urar shaƙar magani, wadda Inna ke kira suracen Bature. Wani maganin shaƙar da sai a firij amma ba a so ya daskare, shi ma da 'yar jakarsa ta sanyi. Creon, maganin narkar da abinci, a aljihun cikin rigarsa, domin ko cakulan za ta ci a kan dutsen sai ta haɗa da shi, in ba haka ba maiƙon ya wuce bai narke ba. Kaftrio, maganin ainihin ciwon, da safe, wani ɗan'uwansa da yamma, duka da abinci mai maiƙo. Bubbuga ƙirji da hura kumfa a kwalba safe da yamma, hutu bai ɗauke mata ba. Kwamin ruwan zafin otal da kowa ke shiga, ita ko kusa, saboda ƙwayar cutar da ke son irin wannan ruwa. Sannan ƙarin gishiri, don tana gumi a cikin rigunan nan ko da waje ƙanƙara ce. Inshorar tafiyarta kaɗai, in ji shi, sai da ya zauna kafin ya biya.

Inna na ji tana ɓara. Ba ta katse shi ba har ya kai aya. Ni har na fara jin daɗi, na ce ta gamsu.

"To na ji, Allah ya yi albarka. Duk wannan kaya kun iya ɗauka kun hau dutse da shi. Hanyar Birnin Kudu ce ba ta ɗaukar kaya?"

Shiru. Har na duba ko sabis ne ya ɗauke.

Shekarar Ummi biyar. Inna ba ta taɓa ɗora ta a cinya ba. An sa mata sunanta, ta aika zanen goyo da tsarabar kuka da daddawa, tana kiranta kishiya a waya, shi ke nan. Ashe tun farko ba maganar sanyi ake ba, ni ce ban gane ba, na kwaso waya ina washe baki.

Yaya ya fara kawo dalilai. Zafi. Ƙurar hunturu. Wuta da firij. In wani abu ya taso da dare, ina za a nufa da ita a samu wanda ya san ciwon. Inna ta ce mu da muke cikin ƙurar mutuwa muka yi? Daga nan ta faɗi abin da na san ta daɗe tana riƙe da shi: ciwon nan dai ba namu ba ne, can ta ɗebo shi wajen dangin uwarta. Ga Anti Maryam, uwar yarinyar, a gefensa, ina hango gefen hularta, kuma tana jin Hausa fiye da yadda Inna ke zato.

Muryar Yaya ta sauka ƙasa. Ya ce, "Inna, sai an haɗu biyu. Kamar sikila ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. An gwada ni, ina ɗauke da shi. Ni kuma ko daga wajenki ko daga wajen Baba."

Ta miƙo min wayar kamar ta ɗauki garwashi. Ni na ƙarasa sallamar.

Na ji haushinsu su biyun, in faɗi gaskiya. A ganina Yaya bai yi laifi ba da ya kai ta. Yarinyar da tun tana kwana biyar aka tsaga dunduniyarta aka ɗebi jini, daga nan kullum magani, kullum bugun ƙirji, in ta samu mako guda ta faɗi a ƙanƙara ta yi dariya, wa zai hana ta? Amma dalilansa na ƙin zuwa sun fara tsufa. Akwai firij mai sola a garin nan yanzu. Akwai damina, watan Agusta ba zafi ba ƙura. Wanda ya iya tsara jakar nan zai iya tsara kwana biyar a Kano, a ɗauki Inna a mota a kai ta. Tsoro ne kawai, ni ma kuma da 'yata ce wataƙila da na fi shi. Ita ma Inna bai kamata ta soki baiwar Allah da ke tashi cikin dare tana dafa kayan na'ura ba.

Ban tafi ba. Na ja kujera na zauna muka ci gaba da ɓara, ba mai cewa komai. Akuyar Lami ta shigo, na kore ta. Aka kira azahar.

Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Me ya ce game da gishiri?"

Na ce masu ciwon guminsu gishiri ne da shi sosai, da gumin ma ake tabbatar da ciwon a asibiti. Shi ya sa zafi ya fi sanyi yi musu illa, gishirin jikinsu ya tsiyaye, jariri ya yi laushi ya ƙi nono.

Ta daɗe tana murza ɓawo ɗaya a hannu.

"Na farin nan," ta ce. "In na sauke shi daga baya, zanen ya bushe, sai ka ga fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Har a goshinsa."

Ban taɓa jin Inna ta yi maganar ɗanta na fari ba. Ko sau ɗaya. Sunan ma a bakin Gwaggo na ji, Auwalu, kuma kowa ya san ba a banza ake kiran Yaya da Sani ba. Yau sai ga shi tana zubowa a hankali, idonta na kan gyaɗa. Tari tun bai yi arba'in ba. Ci kamar me, amma ba ƙiba, sai ciki. Kashinsa da maiƙo da wani irin wari, wanki ba ya fitar da shi daga tsumma. Kakarmu ta ce nononta ne ba kyau, aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, aka kai ta wajen wanzami, har wata ta ce a bincika maƙota. Ya rasu da bazara, yana wata goma sha ɗaya, lokacin canjin kuɗi. Baba na can kan layin banki tun asuba da 'yan kuɗin gyaɗarsa, kafin ya dawo an yi wa yaro wanka.

Canjin kuɗin Buhari ke nan, ƙarshen Afrilun 1984. Tsakiyar zafi. Lokacin ko jihar Jigawa babu, muna cikin Kano. Ƙwayar gadon da ke kawo ciwon ma sai 1989 masana suka gano ta.

Ba zan ɗora wa mamaci ciwon da ba wanda ya auna shi ba. Bazarar wancan zamani ta kwashe yara da yawa, ƙyanda, gudawa, sanƙarau. Amma Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Kuma shekara arba'in da ɗoriya matar nan na yawo da maganar nononta ba kyau. Na buɗe baki in ce mata ba nononki ba ne, sai na ga in na faɗa, na tabbatar mata da abin da Yaya ya ce, wanda bai fi awa biyu da ta ƙi ji ba. Na rufe bakina. Ta tashi ta ɗauki buta.

A Ingila an ce mutum 1 cikin 25 na ɗauke da shi bai sani ba, shi ya sa suke gwada kowane jariri. Mu nan ana cewa ciwon Turawa ne. To wa ya gwada mu?

Sauran yinin ya wuce haka nan. Wankin bai bushe ba. Tuwon ya yi gudaji. Malam ya dawo da laka har gwiwa yana faɗan kuɗin fetur, ya tambaye ni me ya faru na ce ba komai. Malam ɗin da shi ma ɗan Gwaggo ne. Takardar gwajinmu ta kafin aure na nan cikin akwati, ni AA shi AS, muka yi ta murna. Wannan ciwon ba ya cikin takardar.

Kada ku yi min dariya. Da na kwantar da Nana ɗazu, na duba ba mai kallona, na sunkuya na lashi goshinta. Man kaɗanya na ji. Na sake lasa a bayan kunne, ta farka ta tsala ihu, Malam ya ce lafiya, na ce sauro ne. Sauro a wannan sanyi. Yarinyar da cinyoyinta har sun yi ninki, ko tari ba ta yi.

Na rubuta wa Yaya saƙo mai tsawo game da Auwalu, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Maganar Inna ce, ba ta ce in kai ba. Kuma mutum na hutu da iyalinsa.

Bayan magariba ta aiko Sadiya da kwanon gyaɗa soyayya, wai gobe in na gama aiki in kawo wayar, ba ta ga wurin da kishiyar ta faɗi da kyau ba.

Saura kashi 6. Da safe sai Haidar ya biya da ita wajen mai caji kafin ya wuce makaranta.