Kada Ku Zura Waya a Jet

Samarin da ke shigowa gareji yanzu sun fi sabawa da motocin injekta, waɗanda ake jona wa kwamfuta ta faɗi inda ciwo yake. Amma har gobe tsofaffin Fijo 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, suna nan suna jigilar mutane da buhuna ranar kasuwa, kuma masu iya gyaran kafireto sai raguwa suke yi. In kun iya, ba za ku rasa na cefane ba. Sai dai kada ku bi hanyar da na bi ina yaron gareji.

Kafin ku ɗauki sifana, ku tabbata kafireton ne ya yi laifi. Na sha kwance shi in wanke tas in mayar, mota ta ci gaba da tari, ashe kwantak ne ya ƙone ko fulogi ya mutu. Ku fara da wuta: fulogi, wayoyi, kwantak, taimin. Sannan filtar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe har mota ta riƙa shan mai ba gaira ba dalili.

Babbar ɓarnar da na yi kuwa a jet ce, wato 'yan ƙananan sukurori masu rami da mai yake bi ta cikinsu a kafireto. Aikin kafireto awo ne kawai: yana gauraya mai da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai in a nauyi aka auna, kuma waɗannan 'yan ƙananan ramukan su ne mudunsa. Ku ɗaga jet ɗin kafireto ƙirar Solex a rana, za ku ga lamba a jikinsa. Lambar faɗin ramin take nunawa. Wanda aka rubuta wa 50, ramin rabin milimita ne kacal. Ni kuwa da na ga silo jet ya toshe, sai in zaro sili ɗaya daga tsohuwar wayar kuloci in yi ta sakace, ina jin ni gwani ne. Jet na tagulla ne, waya ta ƙarfe ce, ko wane zuri sai ta ɗan ci gefen ramin. Ido ba ya gani. Mota za ta tashi, mai ita ya biya ya tafi yana sa albarka, daga baya ya dawo da baƙin hayaƙi a salansa, fulogi sun yi baƙi ƙirin, yana rantsuwa man da yake kai shi gari ya dawo da shi yanzu a hanya yake ƙarewa. Ramin da ya buɗe ba ya komawa, sai an sayi wani. Ku jiƙa jet a fetur mai tsabta ko maganin wankin kafireto, ku busa da iska ta bayansa, ku leƙa ku ga haske zagaye. In ya ƙi, gashin buroshi mai laushi ya isa.

Ita ma iskar da hankali. Ku cire fulot tukuna, wato ɗan abin nan da ke yawo a kan mai a cikin kafireto, don iskar mai faci tana iya lotsa shi. Ku kaɗa shi kusa da kunne. In kun ji mai yana motsi a ciki, ya huje, shi ya sa yake nitsewa mai ya yi ta ambaliya. Allurar da yake turawa ta tsayar da mai, in bakinta ya yi zobe, ta gama aiki.

A kan faranti za ku kwance, ba a ƙasa ba. Akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ɗan sifirin na famfon totur da ba su kai ƙwayar dawa ba, nawa ya faɗa cikin yashin gareji, kuma ban gaya wa maigidana ba, na rufe haka nan. Motar ta yi silo lafiya lau, amma da an taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu. Ku da Allah ya ba waya mai kyamara, ku ɗauki hoto kafin ku cire kowane abu. Sukurun gaurayar mai ma, ku murɗa shi ciki a hankali kuna ƙirga zagaye har ya taɓa, ku rubuta, sannan ku fitar. Kada ku matse shi, bakinsa tsini ne.

Wajen mayarwa, sabon gasket, ba gam ba. Fetur yana narka gam, ya kwashe shi ya kai cikin ramukan da kuka gama wankewa. Notocin gindi kuma a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta a gicciye. Jikin kafireto ƙarfe ne mai taushi. Ƙarfin samartaka yana tanƙwara gindinsa, iska ta riƙa satar hanya, ku kwana kuna neman silo. Kuma don Allah a cire kan batir kafin a fara, a daina tsiyaya fetur a bakin kafireto wani yana murɗa makulli. Injin yana iya yin atishawar wuta, fuskarku kuwa tana daidai wurin.

Saitin silo sai injin ya yi zafi, cok a buɗe gaba ɗaya. Kafin mai mota ya tafi, ku zare tiyon mai ku tara kaɗan a farar kwalba. In kun ga jan tsatsa ko ruwa ya kwanta a ƙasa, musamman in yana sayen man bumburutu, ku gaya masa gaskiya: sai an sauke tanki an wanke, an sa sabuwar filtar mai, in ba haka ba dattin nan zai sake toshe silo jet, ya dawo yana cewa ku ne ba ku iya aiki ba.