Kafin ka saki mita 10 cikin inji

Ƙannena da kuka shigo aikin buga bandarol da bash (ledar tampol da ake bugu a kanta) a nan Maradi, galibin dogon aikin da ke lalacewa tun cikin kwamfuta yake lalacewa, inji kawai ake ɗora wa laifi.

An koya mana cewa bugu mai kyau 300 dpi ne, wato ɗigo 300 a kowane inci, ni kuwa na riƙe wannan gam. Da aka kawo mini bandarol ta mita 10, haka na buɗe ta, ban lissafa cewa tsawonta ya haura fiksel 118,000 ba. Fayil ɗin PSD na Photoshop ba ya wuce 30,000, JPEG kuma a 65,535 yake tsayawa. Kwamfuta ta sandare, na wuni ina kashewa ina kunnawa, mai aiki na zaune kan benci yana kallona. Alhali a 72 dpi mita 10 fiksel 28,000 ne da ƴan kai. Abin da za a rataya saman titi, mai kabu-kabu ya karanta yana wucewa, wa zai matso ya ƙirga ɗigon tawada?

PDF ma yana da iyakarsa, yawanci mita 5 da santimita 8. Shi ya sa muke zana aiki a kashi 1 cikin 10, mu faɗaɗa shi a manhajar RIP mai tura aiki zuwa inji, irin su Maintop. Nan ma akwai tarko: hoton da ka sa ciki sai ya kai 720 dpi kafin ya ba ka 72 bayan faɗaɗawa. Na taɓa mantawa, fuskar wani Alhaji ta fito dabbare-dabbare. Hoton ma ta WhatsApp ya zo, an riga an matse shi. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, ko a kawo a kile (USB). Rubutu kuwa ka mayar da shi zane a CorelDRAW kafin ka fitar, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa ƴan akwatuna a kwamfutar injin.

Wajen ɗora naɗin bash ne gaggawa ta fi cuta ta. Karkatar milimita 1 a kowace mita ba ta ganuwa a ƙaramin aiki, amma a mita 10 ta zama santimita guda. Gefe ya fara tattarewa, kan injin mai fesa tawada ya goge shi, ga baƙin zane a tsakiyar aiki, wani lokaci har kan ya tafi. Mai kan inji samfurin XP600 zai ji a aljihu, mai samfurin i3200 da ya fi tsada kuwa sai an yi masa jaje. Ka tura bash ɗin gaba kamar mita 2, ka dawo da shi, kana kallon gefensa. In ya gusa, sake ɗorawa. Kuma kada ka kimanta abin da ya rage a naɗi da ido. Rubuta abin da ka ci a jikinsa kullum.

Sai wuta. Dogon aiki ba ya son tsayawa, ko dakatarwa ta minti biyu kan bar layi a fili. In kuran ya ɗauke, galibi daga farko za ka koma. Ni yanzu janareto nake tadawa tun kafin in fara, ko da akwai wuta. Cika tawada, buga gwajin launuka, ka ga kowane layi ya fito. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko ta ina, zafin Afrilu kuma na busar da tawada a bakin kan inji, don haka rufe ƙofa, share ƙasa tun da wuri, ba lokacin da inji ke gudu ba.

In aikin ya fi ƙarfin faɗin injinka, yanka shi gida-gida, ka bar santimita 2 ko 3 na haɗi. Buga su rana ɗaya, daga naɗi ɗaya, don launi kan ɗan bambanta. Kada ka ninke shi da ɗanyar tawada.

Kuma kafin komai, buga ƙarami a takarda, mai aiki ya karanta sunansa da lambar wayarsa da kansa, ya sa hannu, ya ba da rabin kuɗi.