Neman Sawun Kakan Mahaifina

Tun ina yaro nake jin kakata tana cewa kakan mahaifina ya yi gabas, ba ta taɓa ƙara komai a kai ba. Sai bayan rasuwarta na fahimci cewa yana cikin jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya hijira, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A shekarar aka kashe Attahiru a Burmi, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno.

Na yi kwana uku a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, amma rahotannin Turawan mulki haraji da jangali da sunayen hakimai suka fi damuwa da su, talaka kuwa adadi ne kawai a wurinsu. Abin da ya fi amfanata wata takardar ajami ce da na tsinta cikin gafakar Alƙur'anin gidanmu, gara ta cinye gefenta, an jera sunaye biyar, ɗa bayan uba. A gaban suna na uku aka rubuta cewa ya tafi Makka bai dawo ba.