Inda na kwana a War and Peace, da maganar jadawalin babi ɗaya kullum

Salamu alaikum 'yan uwa masu kokawa da manyan littattafai, ga rahotona. Zai ɗan yi tsawo yau ku yi haƙuri, akwai maganar jadawali da ta tsaya min a rai tun da wasunku suka fara cewa duk littafin da muka ɗauka kawai mu raba shi babi ɗaya kullum shikenan.

War and Peace na Tolstoy, marubucin Rasha, dai har yanzu ina ciki, na gama juzu'i na farko na shiga na biyu, wato na wuce yaƙin Austerlitz na Disamba 1805. Wanda bai kai nan ba dan Allah ya tsallake sakin layin nan kar a ce na ɓata masa labari. Andrei, ɗaya daga cikin manyan jaruman littafin, ya ɗauki tuta ya ruga gaba sojoji na bin bayansa, duk tunaninsa yau ce ranar da zai yi suna, sai ji ya yi kaman an maka masa kulki a ka ya faɗi rigingine, ba ya ganin Faransawa ba ya ganin Rashawa, sama kawai yake gani da gajimare na tafiya a hankali, yana mamakin yaya aka yi bai taɓa lura da ita ba. Can kuma Napoleon da kansa, mutumin da Andrei yake ɗauka babu kamarsa a duniya, ya zo zagayen filin daga ya tsaya a kansa yana yaba irin mutuwar da ya zata ya yi, shi kuwa yana jin maganar kaman kukan ƙuda. Wallahi sai da na rufe littafin na yi shiru. Shafukan ba su da wani yawa fa, amma sai ka biyo Andrei tun daga falon Petersburg yana yatsina yana raina kowa har matarsa mai ciki kafin wajen ya taɓa ka yadda ya kamata.

Falon nan kuwa shi ne inda mutane da yawa suke ajiye littafin. Walimar Anna Pavlovna ce a Yuli 1805, an buɗe da Faransanci, baƙi sun cika ɗaki kowa da suna uku ko huɗu. Ga wadanda suke nan yanzu suna jin kansu na juyawa, ga yadda abin yake. Barashe yana da sunansa, sai sunan ubansa da aka ƙara wa ovich ko evich in namiji ne, ovna ko evna ko ichna in mace ce, sai sunan gidansu, sannan ga sunan shagwaɓa na cikin gida. Natasha ita ce Natalya, ita ce kuma Natalya Ilyinichna saboda sunan babanta Ilya. Yayanta Nikolai a gida Nikolenka ake ce masa. Pierre shi ne Pyotr Kirillovich. Ni takarda ɗaya na ninke na sa cikin littafin na ja layi gida biyar, Rostov, Bolkonsky, Bezukhov, Kuragin, Drubetskoy, duk wanda ya bayyana sai in jefa shi gidansu da fensir, kafin in gama kashi na farko ma na daina dubawa. Kuma kar ku kuskura ku nemi sunan wani a intanet, layin farko zai gaya muku wa ya aura da inda ya mutu.

To maganar jadawali. Littafin babi 361 ne a yawancin bugu, kuma gajeru ne, galibi shafi uku zuwa biyar, shi ya sa babi ɗaya kullum ya zauna masa daram, kusan shekara ɗaya cif, ko ranar da ka dawo a gajiye za ka iya kafin barci ya sace ka. Ban musa wannan ba ni ma shi nake bi. Sai dai in an shiga yaƙi nakan saki jadawalin in zarce, kaman wajen yaƙin Schöngrabern da ɗan ƙaramin kyaftin Tushin yake ta harba igwa da lofe a bakinsa an manta ba a ba shi umarnin janyewa ba, haba ina za ka tsaya a tsakiyar wannan ka ce sai gobe? In na zarce haka sai in ɗauki ranakun da na ci gaba a matsayin ajiya, ranar da aiki ya danne ni ba ni da bashi.

Wani abu kuma ga masu karatu tare, tsohon bugun fassarar Turanci ta Maude ya raba littafin gida 15 da rufewa (wato epilogue) biyu, alhali asalin na Rashanci juzu'i huɗu ne da rufewa, saboda haka in ka ce "ina littafi na uku" wani ya ɗauka kana 1805 wani ya ɗauka kana 1812. Gara mu riƙa faɗin abin da ya faru na ƙarshe a takaice, kaman "na wuce Austerlitz".

Abin da nake so mu gane shi ne jadawalin nan ya yi wa Tolstoy daidai ne saboda yadda shi ya yayyanka littafinsa, ba wai wata doka ce ta karatu ba. Ku ɗauki Dickens tunda wata 'yar uwa ta kawo shawarar Bleak House a zagaye na gaba. Wannan littafin ba a dunƙule ya fito ba, wata-wata ya riƙa fitowa daga Maris 1852 zuwa Satumba 1853, kashi 20, kowane kashi shafi 32 da babi uku ko huɗu a ciki, na ƙarshe aka haɗa biyu a fitowa ɗaya. Mutumin ya san mai karatu zai jira wata guda, dan haka kowane kashi gina shi ya yi kaman ƙaramin littafi, ya ɗan ba ka muryar Esther Summerson, jarumar da ke ba da labarin kanta, ya koma ga ɗayan mai ba da labarin da ke yawo da kai cikin hazon Landan da kotun da shari'a ba ta ƙarewa, sannan ya datse a daidai inda ranka zai rataya. In ka raba babi 67 ɗin nan ɗaya-ɗaya kana yanka inda bai yanka ba, za ka yi kwana biyu da lauyoyi kawai ka ce littafin ya mutu alhali da ka haɗa da babin gaba da ka ga dalili. Mu da muka karanta Magana Jari Ce ai mun san wannan dabarar, aku ya san daidai inda zai riƙe Musa da labari har gari ya waye dan kar ya bi sahun masu yaƙi, in ka katse shi a tsakiyar labari ka lalata masa aiki. Bugu da yawa na Dickens suna nuna inda kowane kashi ya tsaya, ku duba gabatarwa ko ƙarshen littafin. Shawarata kashi ɗaya a mako. Great Expectations kuwa, shi ma na Dickens, mako-mako ya fito daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861, fitowa 36, babi ɗaya ko biyu kowane karo, shi kam ko kullum ka yi ba laifi.

Dostoevsky ne ya ɗan karya min lissafin. Crime and Punishment shi ma kashi-kashi ya fito a 1866 a mujallar Russkiy Vestnik, mujallar da farkon War and Peace ya fito cikinta a 1865 da 1866 da sunan 1805, ku duba sa'ar masu karatun wancan lokacin. Amma duk da sun jira shi wata-wata ni ba zan ba kowa shawarar ya ja shi ba. Labarin kusan duka cikin kamar mako biyu ya faru a zafin Yuli, jarumin labarin Raskolnikov na zazzaɓi yana sambatu a ɗakinsa mai kama da akwati, kuma dole zazzaɓin nan ya kama mai karatu shi ma in ba haka ba an yi asara. Zamansa da mai bincike Porfiry, yadda yake zagaye shi yana dariya yana yi kaman bai san komai ba, in ka raba shi kwana uku ya huce. Kashi shida ne da rufewa, a yi kowane kashi a zama biyu ko uku a wuce wajen.

Les Misérables na Victor Hugo, 1862, babi 365, kaman dan masu jadawali aka rubuta shi. Matsalarsa ɗaya ce, Hugo yakan ajiye labari ya tafi yawo. Babi 19 ya yi a kan yaƙin Waterloo, ga na gidan mata masu zaman ibada, ga tarihin magudanar ƙazantar Faris. A babi ɗaya kullum kusan mako uku kenan ba ka ga jarumin littafin Jean Valjean ba. Wasu sun ce a tsallake wasu sun ce sam bai dace ba, ni dai na ce in za ka tsallake Waterloo ka tsallake amma babin ƙarshensa dole ne, inda wani mai suna Thénardier yake caje aljihun gawawwaki da dare ya zaro wani hafsa mai suna Pontmercy da sauran numfashi, dan a kan wannan haɗuwar aka rataye abubuwa da yawa can gaba.

Fassara kuma, tunda ana yawan tambaya wacce nake karantawa. Ta Louise da Aylmer Maude ce, sun zauna a Rasha sun san Tolstoy ido da ido, Turancinsu tsoho ne amma ba ya tuntuɓe, kuma kyauta ce a shafin intanet na Project Gutenberg. Ta Pevear da Volokhonsky ta 2007 ta bar Faransancin yadda yake ta sa ma'anarsa a ƙasan shafi, wasu na son haka dan yana nuna yadda manyan Rasha suka fi sakewa da harshen abokan gabarsu, ni kam ido sama ido ƙasa yana gajiyar da ni musamman a waya. Anthony Briggs a 2005 ya mayar da kusan duka Turanci, ya fi gudu. Ku buɗe babi ɗaya a guda biyu ku karanta da ƙarfi, wacce ba ta sarƙe muku harshe ba ita ce taku. Masu son sauraro akwai shafin LibriVox, 'yan sa-kai ne suke karantawa tun 2005, sai dai wani lokaci murya takan canza daga babi zuwa babi kuma kowa da yadda yake kiran sunayen, ga wanda bai riƙe gidajen nan biyar ba tukuna sai ya ƙara rikicewa.

Sai ɗan uwan da ya ce shi ya daɗe rabonsa da littafi tun makaranta, da wanne zai fara. An ba shi amsoshi iri-iri, har da wanda ya ce Moby-Dick, Allah ya shirye ka malam, mutum zai dawo karatu ka haɗa shi da babi guda a kan rabe-raben kifayen teku? Pride and Prejudice na 1813 da wasu suka ce ba laifi, babi 61 gajeru, amma daɗinsa a habaici yake kuma habaicin Turancin wancan zamani yakan wuce mutum bai sani ba. Ni cewa na yi ya fara da gajere wanda zai gama, dan gamawar nan ita ke buɗe ciki. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, dukansu daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, a zama kaɗan an kai ƙarshe, sai Things Fall Apart na Achebe na 1958 mai babi 25. In hannu ya faɗa yana son ƙato, The Count of Monte Cristo na Dumas, babi 117, a jarida ya riƙa fitowa daga 1844 zuwa 1846 kuma Dumas bai iya barin mai karatu ya yi gyangyaɗi ba, sai dai wajen Roma da mutane kan ce ya ja, a daure.

Ni dai yanzu ina wajen da Pierre ya fara shiga hannun 'yan ƙungiyar asiri ta Freemason bayan rigimarsa da Dolokhov, an ce min can gaba Tolstoy zai fara tsayar da labari yana wa'azi a kan tarihi, har rufewa ta biyu babi 12 ce babu Natasha babu Pierre sai falsafa zalla. Na yanke zan haɗa wadannan in karanta a zama biyu ba ɗaya-ɗaya ba. Wadanda suka riga suka kai yaƙin Borodino ku gaya min, taswirar da ke cikin littafin ta ishe ku ko sai da kuka nemi wata?