Wasiƙa daga Ingila: ranar da na wuni cikin tsofaffin kwamfutoci

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa lafiya, iyali lafiya. Tun da na turo hoton nan na wata tsohuwar kwamfuta da aka jona da ƙaramin talabijin tambaya ɗaya kuke ta yi min, wai ina ne nan kuma me ya kai ni. Wasu kuma labarin sanyi suke so da maganar takardun zama, zan taɓo su in Allah ya yarda, amma bari in fara da wanda ya tsaya min a rai.

Taro ne na masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci, a wani ƙaton zaure, an jera tebura, kowa ya kwaso kayansa a mota tun da sassafe. Yawancinsu ba ciniki ya kawo su ba, nunawa suka zo yi, kuma duk na'urar da ke kan tebur a kunne take, so ake ka ja kujera ka taɓa da hannunka. Na ga Commodore 64 ta shekarar 1982, wadda sunanta ma daga memorinta aka samo shi, kilobayit 64 kacal, hoto ɗaya da kuka ɗauka da wayarku ya fi wannan ninkin-ba-ninkin. Na ga ZX Spectrum ta kamfanin wani Bature mai ƙirƙira, Clive Sinclair, ita ma 1982, 'yar ƙarama baƙa mai madannan roba. Ita daga kaset take ɗauko wasa, irin kaset ɗin rikoda da kuka sani, ka danna sai wata ƙara mai tsinin gaske ta cika kunne, gefen talabijin na ta zane-zanen launi, ka jira wajen minti biyar, in an yi rashin sa'a ta ce an samu kuskure a mayar da kaset baya a sake daga farko. Kuma wallahi babu wanda na ga ya ƙosa.

To abin da ya fi ba ni mamaki a teburin wani dattijo ya faru. Yana da BBC Micro, wadda kamfanin Acorn na Kambirij ya fitar a 1981, ita aka cika makarantun ƙasar nan da ita a wancan zamani. Ina tsaye kawai sai na ji fas, farin hayaƙi ya turnuƙo ta bayanta da wani wari mai hawa kai. Na ja da baya, a raina na ce shi ke nan ta ƙone. Shi ko ko a jikinsa, ya zare filogi, ya ce min wata 'yar kafasita ce a sashen wuta, in ta shekara da yawa jikinta yakan tsattsage danshi ya shiga, sai ta fashe, duk mai irin wannan na'ura ya san da zamanta. Kafin ya gama bayani mutumin teburin kusa ya buɗe wani gwangwani ya miƙo masa sabuwa, bai ce a ba shi komai ba. Dattijon ya kwance murfi, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya narka darma ya cire ƙonanniyar ya dasa sabuwar, hannunsa na ɗan rawa amma bai kuskure ba. Bai fi rabin awa ba ya mayar da wuta, ta yi 'yar ƙararta sau biyu, rubutu ya fito. Mutane suka tafa, ni ma na tafa.

Nan ya gaya min abin da ban taɓa haɗawa ba, cewa daga wannan kamfani na Acorn aka samo ARM, wato tsarin 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'ura, Sophie Wilson da Steve Furber ne suka tsara shi, na farko ya yi aiki a 1985, kuma tsarin nan shi ne a cikin kusan kowace waya da ke hannunmu yau. Na ciro tawa daga aljihu na ajiye kusa da ita na daɗe ina kallon su biyun.

Can kuma wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta zauna, dattijon ya nuna mata ta rubuta layi biyu da BASIC, wani yaren ba kwamfuta umarni, na farko ya buga sunanta, na biyu ya ce a koma na farko. Ta danna, sunanta ya cika allo yana ta gudu ba tsayawa, ta juyo tana kallon babanta baki buɗe. Na tuno yaranmu masu ƙwaƙwalwa da muke kwaɓa in sun kai hannu ga rediyon da ya lalace. Da za a bar musu wanda ya riga ya mutu, an zare shi daga wuta, da sukurdireba ɗaya, ina ganin ba a yi asara ba.

Wani tebur kuma aikinsu kawai karanta tsofaffin faifan fulofi, irin waɗanda ake adana bayanan kwamfuta a kansu a da. Wata mata ta zo da kwali guda na mahaifinta da ya rasu, wasu suka buɗu aka kwashe mata rubuce-rubucensa, wasu fumfuna ta ci su babu abin da ya fito, ta zauna shiru. Don Allah duk mai tsohon faifai ko kaset ko katin memori da hotunan iyaye a ciki, ya kwafe su yanzu, wuri biyu. In kuma akwai tsohuwar kwamfuta a ajiye a sa mai gyara ya cire batirin cikinta, shi ne ke yoyo ya cinye allon kayan lantarkin da ke ciki, kuma kar a yi saurin jona ta da wuta sai an duba.

Sanyi kam yana nan, da na fito wajen ƙarfe biyar har duhu ya yi, yatsuna suka ƙi riƙe waya a tashar jirgi. Maganar takardu doguwa ce, sai wani jiƙon. Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
daga Ingila